Ɗanki na neman gudunmawa don haɗa manhajar wasa? Ga abin da ke hana kuɗin taruwa

Maganarmu ta wannan mako ba ta shafi rigakafi ko zazzaɓin cizon sauro ba, ta shafi kuɗi ne da samarin da muka haifa.

Idan kina cikin rukunin WhatsApp na dangi ko na unguwa, da wuya a ce ba ki taɓa ganin irin saƙon nan ba. Matashi ya karanta kwamfuta a Kwalejin Waziri Umaru ko Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ya ce zai haɗa manhajar wasa da Hausa, inda yaro zai shiga ya zama Kanta yana tsaron ganuwar Surame, ko ya zama masunci da homa da gora a Matan Fada. A ƙasan saƙon akwai lambar asusun OPay ko Moniepoint. Sai a yi ta "Masha Allah" da "Allah ya dafa". Bayan mako biyu abin da ya shigo bai kai kuɗin data ba. Daga nan wurin wa zai nufa? Wurinki. Kwasar adashenki ko akuyar da kike kiwo ce za ta zama jarin.

Kafin ki ce e ko a'a, ya kamata ki san dalilin da ya sa irin wannan gidauniya ke yawan mutuwa, domin ba hassadar dangi ba ce kamar yadda yaran ke zato.

A wurin aiki ina ganin yadda ake haɗa kuɗin tiyatar yaro cikin yini ɗaya. Ana sa hoto, a faɗi adadin da ake nema, a faɗi ranar da za a yi aikin. Mai bayarwa ya san inda kuɗinsa za su, yana kuma sa ran lada. Haka ginin masallaci, kowa na ganin bulo yana hawa. Manhaja kuwa alkawari ce ta abin da ba a gani ba tukuna, ba ta da gaggawa, kuma babu wanda ke jin zai yi asarar lada idan ya wuce bai ba da ba. Mutumin da zai ba da dubu biyar ga mara lafiya ba tare da tambaya ba, shi ne zai tsaya yana tambayar me wasan waya zai amfana masa. Gaskiyarsa ce kuma.

Kada ki ɗauka matsalar tamu ce kaɗai. A Amurka akwai dandalin tara gudunmawa mai suna Kickstarter da aka buɗe a 2009, kuma dokarsa ita ce idan ba a kai adadin da aka sa ba, ko kwabo ba za a ba mai aikin ba. Fiye da rabin ayyukan da ake sakawa a can ba sa kaiwa. Suna da wani wasa da ake yi a kan tebur, Dungeons & Dragons, wanda ya fito a 1974, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya yana jan labarin, kusan kamar yadda yaranmu ke raba matsayi a tashe, wannan ya zama ɗan tsoho wancan ya zama malami. Masu son irin waɗannan wasanni suna zuba kuɗi sosai idan littafi ne ko akwatin wasa da za a aiko musu har gida. Amma idan aka ce manhajar waya ce da za ta taimaka wajen lissafin wasan, hannunsu ya kan yi nauyi. Littafi ana riƙe shi, a ajiye a kanta, ɗa ya gada. Manhaja kuwa mutane sun saba samunta kyauta, kuma tana amfanar waɗanda suka riga suka iya wasan ne kawai, ba kowa ba. Ga kuma babban kifi a ruwan: kamfanin Hasbro, mai wasan, ya sayi manhajar D&D Beyond a 2022 kan dala miliyan 146 da ɗoriya. Ƙaramin mai haɗa manhaja da wa zai yi gasa?

To idan haka abin yake a inda ake da katin banki mai dala da wutar da ba ta ɗaukewa, ki auna namu. Kickstarter ba ya barin a buɗe aiki kai tsaye daga Najeriya, GoFundMe ma ba ya biyan kuɗi zuwa asusun bankin nan. Sai dai a roƙi wani ɗan'uwa da ke Ingila ya buɗe da sunansa, a nan kuma wata rigimar amana ke farawa. Abin da ya rage wa ɗanki shi ne ya liƙa lambar asusunsa a Facebook. Mutanen da MMM ta cinye wa kuɗi a ƙarshen 2016, wasu kuma CBEX ta sake cinyewa a 2025, da sun ga an haɗa kalmar manhaja da lambar asusu sai su ja baya. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Akwai kuma abin da yaran ba sa son a faɗa musu, wato manhaja ba a gama ta. Kujera idan kafinta ya buga ƙusar ƙarshe, shi ke nan. Manhaja kamar jariri take, kullum da hidima. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin a saka manhaja a kasuwarsa ta Play Store, Apple kuma dala 99 duk shekara. Google na buƙatar a riƙa sabunta manhaja ta dace da sabon tsarin Android, in ba haka ba masu sababbin wayoyi su daina ganinta. Idan wasan na buƙatar wurin ajiyar bayanai a intanet, da dala ake biya kowane wata. A farkon Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Duk wanda ya yi lissafinsa da naira kafin nan, kuɗinsa sun narke a hannunsa. Gudunmawa sau ɗaya ake ba da ita, hidimar kuwa ba ta da ranar ƙarewa.

Sannan wa zai buga wasan? Yaro ɗan shekara takwas ba shi da waya, taki yake ara, kuma wayar ta riga ta cika da hotunan biki da karatun malamai. A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan ɓoye miki ba, ni ma ba na ɗokin a ƙara wa yara abin da zai manne su da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2019 cewa kada ɗan shekara biyu zuwa huɗu ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon allo. Amma tunda wayar na hannunsu ko mun so ko mun ƙi, gara su san Kanta da Gizo da Ƙoƙi a kan su haddace sunayen bindigogi. Bikin kamun kifi na Argungu da aka fara a 1934 har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2016, ba mu rasa labarin da za a yi wasa da shi ba.

Saboda haka ban ce ki kashe masa gwiwa ba. Cewa na yi ki yi masa tambayoyin da ɗan kasuwa zai yi masa. Ya nuna miki abin da ya riga ya haɗa, ko mataki ɗaya ne, ki miƙa wa ƙaninsa ki gani ko zai nemi a ƙara masa gobe. Google ma da kansa ba ya barin sabon mai asusu ya saki manhaja sai mutum 12 sun gwada ta har kwana 14, to ya fara samo waɗannan 12 ɗin. Ya rubuta miki a takarda nawa ne na zane, nawa ne na murya, nawa ne na kowane wata bayan an gama, kuma daga ina na watan za su riƙa fitowa. Idan ya ce wa mutane su zuba kuɗi za su ci riba, ki tsayar da shi nan take, domin wannan ya zama neman jari daga jama'a, kuma hukumar SEC ta kafa masa ƙa'idoji tun 2021, sai ta hannun dandalin da ta yi wa rajista.

Ni da zai ji shawarata, da kati da allon kwali zai fara. Ya zana taswirar Kabi, ya buga katuna a shagon buga takardu, ya kai wa makarantu masu zaman kansu biyu ko uku a Birnin Kebbi ko Argungu su gwada da ɗalibai. Iyaye sun fi sakin kuɗi ga abin da za su ɗauka su kai gida. Idan kwalin ya karɓu, masu sayensa su ne za su fara tambayar yaushe na waya zai fito, kuma a ranar yana da sunaye da lambobin mutanen da suka taɓa biyansa.

Idan kuma kin yanke shawarar ba shi daga naki, ki ba shi abin da ba zai taɓa kuɗin makarantar ƙannensa ko na magani ba, ki kuma faɗa masa tun farko ko kyauta ce ko bashi.