Leda Ta Ɓata Mana Takin Juji

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan sharar gidajenmu, musamman leda, wadda take neman raba manomi da takin da ya gada iyaye da kakanni.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano ya san yadda abin yake a da. Da rani a ɗora wa jaki itace ko kara a shiga birni, a sayar, a cika mangala da takin juji a dawo gona. Sharar birni a lokacin ba komai ba ce illa toka, kashin awaki da na kaji, dusa, ɓawon gyaɗa da ƙurar tsakar gida. Da wannan ne ake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Yau kuwa in tifa ta juye maka shara a gona, sai ka ɗauki yara kwana biyu ko uku suna tsintar leda, da fasasshiyar kwalba, da mataccen batirin tocila, da kunzugun jarirai na zamani. Abin da ya tsere wa tsinta kuma garma ta binne shi. Leda ba ta ruɓewa kamar ganye, tana nan a ƙasa shekaru, ta hana ruwa shiga, ta tare saiwar gero. Ga shi takin zamani ya yi tsada tun da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke a 2022, sannan cire tallafin mai a 2023 ya ƙara kuɗin dakonsa. Wato lokacin da muka fi bukatar juji, lokacin ne ya lalace.

Ba gona kaɗai ba. A tambayi mahauta abin da suke tararwa a tumbin saniya ko akuyar da ta yi kiwon bola. Dabba tana ci amma tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani, ashe leda ce ta dunƙule a cikinta. Da damina kuma ita ce ke toshe kwata, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida.

To daga ina ledar take fitowa? Daga hannunmu. Ni ɗan tireda ne, na san yadda cinikin yau yake. Talaka ba ya iya sayen kwalbar man gyaɗa ko mudun sukari gaba ɗaya, sai ƙulli-ƙulli, kuma kowane ƙulli da ledarsa. Yaro ya zo sayen magi da gishiri da omo, leda uku ke nan, ya kuma ce a ba shi baƙa ta zubawa. In ka hana, gobe ya koma shagon maƙwabcinka. Alhali a da uwar gida kwano take bayarwa ko kwalba, mai kasuwa ya riƙi kwando ko jakar kaba. Har alala ma da ake yi a gwangwani, yanzu a leda ake dafa ta. Wasu matan kuma da leda suke hura gawayi, hayaƙin nan mai wari yana shiga ƙirjinsu da na goyon da ke bayansu.

Na ji masu ilimi suna cewa gwamnati ta hana leda kawai a huta. Lalle wasu sun yi. Ruwanda ta hana a 2008, Kenya ta bi baya a 2017 da tara mai nauyi har da ɗauri. Jihar Legas ta hana farin mazubin abincin nan na tekawe a 2024. Amma maƙwabtanmu na Nijar ma sun yi dokar hana leda tun 2014, kuma wanda ya je Maraɗi ko Damagaram bayan nan ya ga ledar ba ta bar kasuwa ba. A ganina doka ba ta cin abin da mutane ba su da madadinsa. Wanda famfon unguwarsu ya ƙafe, in ka hana shi fiya wata me zai sha? Haka tsaftar ƙarshen wata da aka faro zamanin Buhari da Idiyagbon: a kwashe kwata a tara a bakin titi, in mota ba ta zo ba ruwan farko ya mayar da ita inda ta fito.

Abin da yake hannunmu shi ne raba shara tun daga gida, kafin ta gauraya. Ba ya cin ko kwabo. Tsohon buhu ɗaya a rataye a zaure ko bayan ɗaki, duk leda da kwalba da batiri a jefa can. Toka, sharar turke, ɓawon kayan miya da ragowar abinci kuma a haƙa musu rami a gefe, ana yayyafa ruwan wanke-wanke, ana juyawa lokaci-lokaci. Kafin shuka ya zama baƙin taki mai kyau. Ƙarfe da roba dama 'yan jari-bola suna saye. Leda ce ba su cika ɗauka ba saboda ba ta da nauyi a sikeli, don haka a nan ne ya kamata hukuma ta sa hannu, ta sa kamfanonin fiya wata su riƙa sayen ledarsu da ta zama fanko, ko da kuɗi kaɗan ne. Ranar da leda ta yi kuɗi, yara ba za su bar ko ɗaya a titi ba.

Ina kira ga shugabannin kasuwanninmu su zauna su yi magana ɗaya a kan baƙar leda, kowa ya riƙa sa mata kuɗi, don kada mai saye ya guje wa wani ya tafi wurin wani. Masu unguwanni da limamai su ma su taimaka da faɗakarwa, ƙananan hukumomi kuma su dawo mana da duba-gari irin na da, masu shiga gida-gida. Mutanen birni kuma don Allah ku sani, abin da kuka zuba a juji gonarmu yake zuwa, daga can kuma dawa da alayyafon da muke kawo muku suke fitowa.



Naku,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Gezawa, Jihar Kano.