Malam, ni ban kawo ɗana a koya masa duba ba

A hunturun da ya wuce na fita da ƴan ajina bayan gari, nesa da fitilun Tawa, na nuna musu jerin taurarin nan da maƙwabtanmu Buzaye na wajen Abalak ke kira Amanar. Washegari wani uba ya tare ni a ƙofar lakwal ya faɗa mini maganar da ke saman wannan rubutu.

Ban ga laifinsa ba. Da boka da masani, duk “ilimin taurari” muke cewa suna yi. Amma aikin ba ɗaya ba ne.

Tauraron da ya ninka rana sau 20 a nauyi yakan yi shekara kamar miliyan 10 kafin ya fashe. Wa zai zauna ya jira? Shi ya sa masana ke rubuta lissafin abin da ke faruwa a cikinsa: nauyi na danna shi ciki, zafi na tura shi waje, makamashinsa na ƙonewa. Kwamfuta ta riƙa maimaita lissafin taki-taki har ta kai ga mutuwarsa. Manhajar MESA, wadda aka gabatar a 2011, aikinta ke nan, kuma kyauta ce.

Inda abin ya fi daɗi shi ne, manyan taurari ba su cika zaman gwauranci ba. Binciken Hugues Sana da abokansa na 2012 ya nuna fiye da kashi 70 cikin 100 na mafiya girmansu za su yi mu'amala da abokin zama: wani ya zuƙe iskar wani, ko su haɗe gaba ɗaya. Jan tauraron nan na kafaɗar Amanar, Betelgeuse, a 2024 lissafi ya nuna yana da ƙaramin aboki. A 2025 aka sanar cewa madubin Gemini da ke Hawai ya hango wani ɗigon haske daidai inda aka yi tsammani. Da ba a ga komai ba, da lissafin ya shiga tuhuma. Wane boka ne ke ba ka hanyar kama ƙaryarsa?

Roƙona ga malaman lissafi da kimiyya na Keita, Tamaske da Barmu: ku ware dare ɗaya a shekara, ku gayyaci iyaye tare da yaran. Duhun samanmu ya fi na biranen Turai kyan kallo. Ku kuma iyaye, in yarinya ta ce seri C take so, kada a ce mata ya yi mata wuya tun ba ta gwada ba.

Uban nan dai na gayyace shi fita ta gaba. Ya ce zai yi shawara.