Kada Mu Koma Gida Yadda Muka Zo

'Yan'uwana mazauna Zangon Agege da Idi-Araba da Obalende, ga tambaya: wanda ya shekara goma a Ikko yana gadi ko tura baro, me ya ƙaru da shi ban da furfura?

Mu tuna da ran 1 ga Yuni, 2022, sa'ad da Gwamnatin Jihar Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa da Surulere. Aka kame babura, aka murƙushe su. Samarinmu da yawa suka wayi gari ba abin yi, domin iyakar abin da suka iya ke nan. Amma wanda ya iya walda, ko ɗinki, ko kanikanci, wace doka za ta raba shi da hannunsa?

Kada wani ya ce ya tsufa, gemu ba ya hana ilmi. Ga Markaz nan ta Shehu Adamu na Ilori a cikin Agege, ɗalibai na zuwa mata daga nesa, mu kuwa da ke maƙwabtaka da ita sai hira a teburin mai shayi.

Shawarata ita ce, kowa ya ware sa'a guda bayan sallar lisha domin karatu da lissafi. Sarakunan Hausawa da attajiranmu su buɗe ajin yaƙi da jahilci a kowane zango, kowane mai sana'a kuma ya ɗauki yaro ɗaya ya koya masa.

Kuɗin ci-rani sukan ƙare tun shuka ba ta tsira ba, amma sana'a tana raka mai ita har tsufa. Allah ya sa mu gane, amin.