Gara Kwafi da a Rasa na Asali

Duk wanda ya sayi tikiti a garin Montignac na ƙasar Faransa don ya ga zanen kogon Lascaux, ya kwana da sanin cewa kwafi zai gani. Kogon na ainihi yana can kan tudu, tafiyar 'yan mintoci, amma ƙofarsa a garƙame take tun 1963. Abin da ake nuna wa baƙi wani katafaren gini ne da aka buɗe a Disambar 2016, inda aka kwaikwayi lungu da saƙon kogon. Na sha jin matafiya suna gunaguni, wai mutum ya taso daga uwa duniya sannan a tare shi da jabu. Ni kam ina bayan waɗanda suka rufe ƙofar.

Ranar 12 ga Satumba 1940, lokacin Faransa tana cikin ƙuncin yaƙi, samari huɗu suka zura jiki cikin wani rami da ɗayansu, Marcel Ravidat, ya gano da taimakon karensa. Hasken fitilarsu ya faɗa kan bijimai da dawakai da bareyi masu rassan ƙaho, an zana su da baƙi da ja da ruwan ɗorawa. Bijimin da ya fi girma ya haura mita 5. Masana sun ce zanen ya kai shekara 17,000, wasu ma suna ƙarawa. Launin bai koɗe ba domin bakin kogon ya daɗe da toshewa, ba iska, ba haske, kamar hatsin da aka liƙe a rumbu.

A 1948 aka buɗe wa jama'a. Aka faɗaɗa ƙofa, aka yi matakala, aka ja wutar lantarki. Kafin ka ce kwabo, mutum wajen 1,200 ke shiga a rana, kowa da numfashinsa da ɗumin jikinsa da ƙurar takalminsa. Cikin shekara 15 gansakuka ta fara bin bango, wani farin ɓawo kuma ya soma hawa kan zanen. André Malraux, ministan al'adu na lokacin, ya ce a rufe. Ko bayan rufewar ba a huta ba. A 2001, da aka sauya na'urar daidaita iska, farar fumfuna ta mamaye kogon, daga baya baƙaƙen tabo suka biyo. Wanda ya ce a bar shi ya shiga ko sau ɗaya ne, ya tuna cewa waɗancan dubban ma sau ɗaya-ɗaya suka shiga.

Kwafin kuwa ba aikin wasa ba ne. An sanyaya wurin, an rage haske, bango yana da tudu da kwari daidai yadda na asalin yake. Ka tsaya gaban doki ka ga yadda mai zanen ya bar kumburin dutse ya zama cikin dabbar, ya kuma bar 'yar tazara tsakanin ƙafar baya da jiki don ka ji ƙafar tana nesa. Da fitilar kitse ya yi wannan, da jar ƙasa da baƙin ma'adini. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙasusuwan da aka tono a kogon asali, galibinsu na barewar ƙasashen ƙanƙara ne, wato ita ce cimar masu zanen, amma da ƙyar ka ga zanenta a bango. Ke nan ba abin da ke cikin tukunya suke zanawa ba. Siffar mutum kuwa guda ɗaya ce tak a duk kogon, wani siriri mai kan tsuntsu, kwance gaban ɓaunar da hanjinta ya zubo. A kogon asali wannan zane yana ƙasan wani rami mai zurfi da mafi yawan baƙin wancan lokaci ba su taɓa sauka ba. Yanzu kowa yana iya ganinsa.

Ban ce kwafi ya ishe ka ba. Ba ya warin danshi, kuma zuciyarka ta san ba hannun mutanen can ne ya taɓa shi ba. Maganin wannan shi ne ka bar Montignac ka bi kogin Vézère ƙasa. Hanyar siririya ce, tana ratsa gonakin masara da gidajen kiwon agwagi, ga tsaunukan farin dutse suna leƙo ka. A La Roque Saint-Christophe, tsauni mai tsawon kusan kilomita guda, mutane sun zauna cikin tsagar dutsen tun zamanin farko har ƙarni na 16. A Les Eyzies ne leburori suka ci karo da ƙasusuwan mutanen zamanin farko da ake kira Cro-Magnon a 1868. Saboda tarin irin waɗannan wurare hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin kayan tarihin duniya a 1979. Af, ka riƙe guzurinka: shagunan ƙauyukan kan rufe da tsakar rana, kuma girkinsu kitsen agwagwa ne da naman da Musulmi sai ya yi tambaya kafin ya sa hannu.

A gefen Les Eyzies akwai Font-de-Gaume, wanda zanensa ya fito fili a 1901 ta hannun wani malamin makaranta, Denis Peyrony. Wannan na asali ne, mai launi, kuma a buɗe yake, sai dai waɗanda ake bari su shiga a rana ba su kai ɗari ba. Jaka a waje ake barin ta. Hanyar ta matse har sai ka karkata kafaɗa don kada rigarka ta gogi bango. Da farko ba ka ganin komai sai dutse. Jagora ta kai tocila gefe, ta zagaya da hasken a hankali, sai ga tozon ɓauna, ga ƙaho, ga ido. A kan wasu daga cikinsu akwai sunayen da baƙin ƙarnukan baya suka karta, ba su ma lura akwai zane a ƙasa ba. A Rouffignac kuma ƙaramin jirgin ƙasa mai lantarki ke kai mutane ciki su ga zanen giwaye masu gashi fiye da 150, don kada ƙafa ta tayar da ƙura.

Dabarar kwafi ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a kan dutse a Dabous da ke arewacin Agadez, waɗanda babbarsu ta kai tsawon bijimin Lascaux, an ɗauki zubinsu a 1999, aka kafa kwafi a filin jirgin saman Agadez. Zanen shanu na duwatsun Birnin Kudu ma hannun mai taɓawa ne abin tsoronsa.

Yawan masu shiga Font-de-Gaume an sha rage shi, kuma ba abin mamaki ba ne wata rana a ce shi ma ya isa haka. In ranar ta zo ba za ku ji ni cikin masu ƙorafi ba. Kafin nan, mai niyyar zuwa ya nemi tikitinsa tun kafin ya baro gida, don da rani wuraren ba sa kwana.