Shin me ya hana ma'aurata yawon shaƙatawa a Zamfara?

A Faransa da jihar Kalifoniya ta Amurka, ma'aurata kan shafe ƙarshen mako a yankunan gonakin inabi, suna cin abinci suna kallon karkara.

Wannan harka tana samar wa ƙauyuka kuɗi masu yawa, ko da yake giya ce ginshiƙinta.

A Zamfara kuwa an haramta giya tun da Shari'ar Musulunci ta fara aiki a shekarar 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura.

Sai dai Shari'a ba ta hana magidanci ya ɗauki maiɗakinsa daga Gusau su je kallon dutsen Kwatarkwashi ba, wanda ke ƙaramar hukumar Bungudu a kan hanyar Tsafe, su ci tsire, su sha fura da nono, su koma gida kafin magariba.

Abin da ya tsuke wannan fita shi ne tsoron 'yan bindiga, waɗanda suka sha tare hanyar Gusau zuwa Tsafe da Funtuwa suna sace matafiya don neman kuɗin fansa.

A watan Satumban 2021 hukumomi sun katse layukan wayar salula, aka rufe kasuwannin mako a jihar.

A watan ne kuma aka sace Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, a hanyar Kaduna zuwa Abuja.

Asarar ta fi faɗawa kan masu tsire da mata masu tallar nono a bakin titi, waɗanda cinikinsu ya dogara da motar da ta tsaya.