Ciwon damuwa iri-iri ne, maganinsa ma haka

Ƴan uwa, manomi ya san gero na jigawa ne, dawa kuma ta fadama. To, haka maganin ciwon damuwa yake: kowane da inda ya dace.

Ciwon damuwa shi ne baƙin cikin da ya wuce sati 2 bai sauka ba, har ya hana mutum aiki. Wani ba ya samun barci, yana ramewa. Lokotoro yana iya ba shi amitiriftilin ya sha da dare, don yana sa barci. Amma yana busar da baki, kuma bai dace da mai ciwon zuciya ba. Wani kuwa barci da kasala suka yi masa yawa. Shi fuloksetin ya fi dacewa da shi, da safe. Akwai mai jin muryoyin da kowa ba ya ji. Sai an haɗa masa da wani magani. Akwai wanda wani lokaci yakan yi zumuɗi, ya kwana yana surutu. In ya sha waɗannan ƙwayoyi su kaɗai, ciwonsa na iya tashi.

Saboda haka muna ganin kuskure ne babba mu ari maganin maƙwabci, ko mu saya wurin masu talla a kasuwa. Mu tafi likita, mu faɗi duk abin da muke ji. Magani yakan ɗauki sati 2 zuwa 6 kafin ya kama, kuma ana ci gaba da shan sa aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. Wanda ya ce ya gaji da rayuwa, mu kai shi likita ran nan.

Matambayi ba ya ɓata.