FILIN 'YAN UWA MATA: Ɗinki Ya Warke, Amma Baya Bai Daina Ciwo Ba

  

Wasiƙu biyu ne suka zo mini daga yammacin Kano, kuma da na karanta sai na ga ai maganarsu ɗaya ce. Ta farko daga wata ɗaliba ce a Kabo, wadda aka yi wa aikin afendis shekara biyu da suka wuce. Ta ce ɗinki ya warke sumul, amma duk ranar da ta ja guga ko ta daɗe zaune a kan benci sai ta ji kamar ana jan wata igiya daga gefen mararta zuwa ƙugu. Ta biyu amarya ce daga Getso a ƙaramar hukumar Gwarzo. Haihuwar fari aka yi mata tiyata, ga yaro har yana gudu, ita kuwa baya ya hana ta sakat. Uwar miji ta ce son jiki ne, maƙwabta sun ce allurar da aka yi mata a gadon baya ce ta nakasa ta, wata kuma ta ce hannu aka sa mata.

To ƙanwata, share hawayenki. Ba son jiki ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce. A ƙasar Denmak an bi sawun matan da aka yi wa tiyatar haihuwa, aka buga sakamakon a 2004, sai aka tarar kusan mace 1 cikin 8 tana jin ciwo a wurin bayan watanni da yawa. Su fa ke nan da ba sa daka, ba sa surfe, ba sa ɗauko tulu daga rijiya. Ina ga mu?

Bari in fara da allurar baya, domin ita aka fi ɗora wa laifi. Gurbinta yakan yi tsami na 'yan kwanaki, wata ma ta yi ciwon kai, wannan gaskiya ne. Amma binciken likitoci bai nuna cewa ita ke kawo ciwon bayan da ke ɗaukar shekara da shekaru ba. Na faɗi haka ne saboda na san akwai matan da ke ƙin sa hannu a yi musu aiki don tsoron allurar nan, har a rasa ɗa ko a rasa uwa. Wallahi wannan asara ce babba.

Abin da ba a cika gaya mana ba shi ne, layin nan da kike gani a fata ƙofar gida ce kawai. Kafin likita ya kai ga jariri sai ya ratsa fata, da kitse, da wata farar tantani mai ƙarfi da ta lulluɓe naman ciki, ya buɗa naman gefe da gefe, ya wuce rigar da ta rufe kayan ciki, sa'annan ya yanka mahaifa. Kowane hawa a nan sai ya yi nasa tabon. Shi kuwa tabo kamar faci ne a jikin zane. Ko tela ya ƙware, wurin facin ba ya miƙewa kamar sauran, kuma in kin ja zanen daga gefe ɗaya sai ki ga ya tattare a wani wuri can daban. Ƙarfinsa ma ba ya komawa kamar da, iyakarsa wajen kashi 80 cikin 100, kuma yakan ɗauki shekara ko fiye yana gyara kansa a ciki, alhali ke tun ranar da aka cire zare kin ɗauka an gama.

Sai kuma abin da ake kira mannewar ciki. Yayin da ciki ke warkewa, wasu zare-zare kamar saƙar gizo-gizo sukan fito su liƙa hanji da hanji, ko hanji da bangon ciki, ko mahaifa da mafitsara. Wasu likitoci biyu a Ingila, Menzies da Ellis, sun ba da rahoto a 1990 cewa cikin mutanen da aka sake buɗe cikinsu bayan wata tiyata ta baya, kashi 93 cikin 100 suna da wannan mannewa. Kada gabanki ya faɗi, mafi yawansu har su tsufa ba su san da ita ba. Wasu ne kawai take damu da ciwon ciki ko na mara. Ga kuma wasu ƙananan jijiyoyin ji da ke ratsa ƙasan mara, in tabo ya matse ɗaya sai ki ji zugi ko raɗaɗi kamar an ɗiga barkono, wani lokaci har cikin matsematsi.

Yanzu ina ruwan baya da duk wannan? Ku dubi rumfa. Igiyar gaba da ta baya ne ke riƙe da ita, in ta gaba ta saki sai nauyi ya koma kan ta baya. Naman ciki shi ne ɗamarar da ke tallafe da ƙashin baya. Goyon ciki na wata tara ya riga ya miƙe shi, wuƙa ta zo ta ƙara, sa'annan ke kuma saboda tsoron kada ɗinki ya farke sai ki koyi tafiya a ranƙwafe, hannu dafe da mara. Mako ya zama wata, wata ya zama shekara, jiki ya saba da karkacewa. Naman baya da na ƙugu su yi ta aikin da ba nasu ba har su gaji su ɗaure. A kan wannan ne za a ɗora goyo, da wanki a duƙe, da shara da guntuwar tsintsiya, da tuƙin tuwon gidan mutum ashirin. Haba, ko jaki ai ya koka.

Ni abin da ke ba ni haushi shi ne gorin da ake yi wa wadda aka yi wa aiki, wai raguwa ce ba ta iya naƙuda ba. Saboda gorin nan sai ka ga yarinya ko sati uku ba ta yi ba ta ɗauki taɓarya don ta nuna wa kishiya ko facala ita ma mace ce. Iyayenmu da suka ware kwana arba'in ba su yi wauta ba, domin kuwa ya yi kusan daidai da mako 6 da likitoci ke cewa kada a ɗauki abin da ya fi jariri nauyi. Sai dai hutun bai zama kwanciya ba. Tun washegarin aiki ake so ki tashi ki taka a hankali, ki riƙa ƙarawa kullum, kina miƙe ƙirji. Batun wankan jego kuwa, ina roƙon kakanni da girman Allah, kada a fyaɗa ganye da tafasasshen ruwa a kan ɗanyen ɗinki. Ruwa mai ɗumi ya wadatar, a tsane wurin da tsumma mai tsabta.

Idan miki ya rufe sarai, ba ruwa ba ƙaiƙayin ƙuraje, kuma ma'aikaciyar asibiti ta duba ta yarda, sai ki fara murza tabon. Ki ɗan shafa man kaɗanya, ki sa yatsu biyu ki riƙa juyawa a hankali, sama da ƙasa, hagu da dama, na 'yan mintoci kullum, har fatar ta riƙa motsi a kan abin da ke ƙarƙashinta. Da yawa cikinmu ko kallon wurin ba ma son yi, balle taɓawa, shi ya sa yake zama kamar igiya. Amma kada wani ya yaudare ki da cewa tausa ko wani jiƙo zai tsinka mannewar da ke can cikin hanji, hannu ba ya kaiwa nan. Ko sake yin tiyata don yanke ta ba kullum yake biya ba. An gwada a ƙasar Holan, aka buga a 2003, waɗanda aka yanke wa mannewar ba su fi waɗanda aka leƙa cikinsu kawai samun sauƙin ciwo ba, ga shi sabon yanka yana iya haifar da sabuwar mannewa.

Abin da ya fi amfani shi ne a dawo wa naman ciki da ƙarfinsa. Ki kwanta rigingine a tabarma, ki naɗe gwiwoyi, ki ja numfashi, in za ki sake shi ki janye cibiya ciki a hankali, ki ƙirga biyar, ki saki. Sau goma safe da yamma. In za ki tashi daga shimfiɗa ki fara juyawa gefe. In za ki ɗauki bokiti ki durƙusa da gwiwa maimakon ki sunkuya, kuma ki sa wa tsintsiya doguwar sanda ko da za a yi miki dariya. Wadda ciwonta ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ta fara zuwa Babban Asibitin Gwarzo a duba ta, ta roƙi takardar zuwa wurin likitocin gashi. Akwai su a Asibitin Ƙashi na Dala, da Asibitin Murtala, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Tafiyar yini ɗaya ce ta Rimin Gado, ki je ki dawo, kuma abin da za su koya miki a gida za ki ci gaba da shi. Ya fi miki haɗin kemis da ake sha wata da watanni, wanda ƙarshensa gyambon ciki ne ko ciwon ƙoda. Tsaga ko ƙaho a kan tabo kuwa, a'a, musamman mu masu baƙar fata da tabonmu ke saurin kumbura ya yi tudu.

Ke kuma 'yar makaranta, na ga abin da kika rubuta a ƙasan takarda da ƙananan baƙi, cewa kina tsoron ranar da miji zai ga tabon ya yi miki wani zato. Ki adana katin asibitinki, kuma in magana ta yi nisa ki sa yayarki ko gwaggonki ta faɗa tun kafin a sa rana. Afendis ba abin kunya ba ne, maza ma ana yi musu.

Akwai alamun da ba a jira da su gari ya waye. Duk wadda aka taɓa buɗe wa ciki, ko da shekara goma ne, in ta ji murɗa mai tsanani, ciki ya kumbura, ga amai, ba bayan gida ba tusa, to hanji ne mai yiwuwa ya toshe, a nemi mota a tafi asibiti, kada a tsaya ba ta kanwa ko maganin wankin ciki. Haka in wani ƙullutu ya ɓullo a kan tabon yana girma in kin yi tari. Ciwon bayan da ya zo da zazzaɓi da rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, wannan ba na tabo ba ne, likita ne zai gano shi. Mai tiyatar haihuwa kuma ta ba da tazarar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu kafin wani cikin, ta je awo da wuri, kuma ta haihu a asibitin da ke iya yin aiki, domin mahaifar ma tana ɗauke da nata facin.

A ci gaba da aiko da wasiƙu, wadda ba ta son a ambaci garinsu ta rubuta haka a sama. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum, Antinku.